Sabuwa dal ko Beljiyam? A ba ni shawara kan ƙaramar jif

Baban Walid:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah shawara nake nema, masu harkar mota da ke cikin nan kar ku yi min shiru. Corolla ce a hannuna ƙirar 2007, shekara tara muna tare kuma tsakani da Allah ba ta taɓa kunyata ni ba, to amma tunda muka tare a Danbare bara abin ya fara fin ƙarfinta. Layinmu in ruwan Agusta ya sauka sai dai ka ajiye mota bakin kwalta ka naɗe ƙafar wando, sau biyu salansa tana cirewa a daminar nan kaɗai. Ga yara biyar, ga zuwa Sumaila duk bayan sati biyu gaida Hajiya. Shi ne nake son komawa ƙaramar jif, ba manyan nan masu zuƙar mai ba, irin su RAV4 ko CR-V haka.

In na sayar da Corolla na haɗa da abin da na tara zan iya tada miliyan 24. Ƙanina na Abuja ya dage wai in cika ta banki in ɗauki sabuwa dal cikin na Chinan nan, su GAC, Changan, Chery, a yage leda a gabana ga garanti. Bakanikena kuma ya ce in na yi haka kar in ƙara taka garejinsa 😂 wai Beljiyam ɗin RAV4, wato ta hannu daga waje, zan nema ko da ta 2013 ce. Kaina ya kulle wlh. Wanda ya taɓa riƙe ɗaya cikin biyun ya faɗa min gaskiya.

Dan Fagge:
wslm. Alhaji RAV4 kawai, arufe magana

Abban Mimi:
Wa alaikumus salam. Toyota dai Toyota ce. Allah ya zaɓa mafi alheri.

Maman Hanan:
Wslm Baban Walid. Ni kam zan saɓa wa mutanen nan. Jif ɗin China ce a hannuna, sabuwa na ɗauke ta, shekara biyu da wata uku kenan, kuma ban da juyen baƙin mai da canza fad ɗin birki sau ɗaya ban san hanyar gareji ba. Kafin ita maigidan ya siyo min wata Beljiyam, kyau kam kamar ka lashe, ashe ruwa ta sha a can ƙasarsu. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitila ta kama kanta da tsakar dare, jibi ta mutu min a kan gadar Dangi da yara a ciki ana rana ta watan Afrilu. Shekara ɗaya da rabi ina ciyar da mai riwaya da iyalansa. Tun daga nan na ce ni da abin da wani ya gaji da shi har abada. Kwanciyar hankali ma kuɗi ce fa.

Dan Fagge:
Hajiya shekara biyu ai amarya ce, amarya bata laifi. ki dawo mana bayan shekara bakwai

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Salam. Ni kayan mota nake sayarwa a Ƙofar Ruwa, shekara goma sha shida a rumfa, dan haka bari in faɗi abin da idona yake gani kullum. Alhaji tambayarka ba sabuwa ko tsohuwa ba ce, tambayar ita ce ranar da ɗan adaidaita sahu ya goge maka fitilar baya a Kabuga ina za ka samu wata. Domin zai goge, wannan ba addu'a nake ba, Kano ce. In RAV4 ce ko CR-V ka shigo kasuwa da hantsi kafin azahar an ɗaura maka, akwai sabuwa, akwai Beljiyam, akwai ta Taiwan mai sauƙi, kai har inji sukutum da giyabos ga su nan a jibge, ka zaɓa daidai aljihunka. In kuwa cikin sababbin nan ne, yara za su zaga layi-layi su dawo su ce babu, sai an buga Legas, Ladipo ma wani lokacin su ce sai dai kamfani.

Ban ce motocin ba su da kyau ba fa, kar a yi min mummunar fahimta. Na shiga guda, ciki kamar jirgi, ga allo ga kyamara ta ko'ina. Amma mu 'yan kasuwa ba ma ajiye kayan motar da ba ta yi yawa a titi ba, saboda kuɗinka ne zai kwanta. Kuma kayan Beljiyam da kuke gani daga jikin motocin da suka mutu a Turai da Amurka da Japan ake kwance su, to motar da ba ta tsufa a can ba ina za a samo gawarta?

Maman Hanan:
Malam wannan kam ba zan yi maka musu ba. An taɓa fasa min madubin gefe a wajen Kantin Kwari, sati biyar na yi ina tuƙi da madubi ɗaure da salatif kafin ya iso. Amma dai motar tana tafiya, ba a gareji ta kwana ba. Waccan kuwa kayanta birjik a kasuwarku, shi ya sa na haddace sunayen yaran rumfarku kaf 😅

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Hhhh Hajiya kin rama. Allah ya huci zuciyarki.

Sarkin Dillalai:
Ranka ya dade Alhaji, ni mota nake sayarwa ta wajen Zoo Road kuma bazan boye maka ba, ka duba ranar fita kafin ranar shiga. sabuwa kana fitowa da ita daga get din kamfani kudinta ya fadi, ko kwana daya tayi a hannunka sunanta ta hannu. ka kawomin ta China mai shekara uku, wlh sai ta wata biyu a filina ana zagayata ana shafawa babu mai taya, wanda ya taya ma sai ya taya rabin kudi. amma RAV4 ko Corolla irin taka kudine a aljihu, yau ka saka gobe an biya. Mutanen da suka sayi Beljiyam a hannuna a 2022 da yawansu sun hau shekara biyu sun saida sama da yadda suka saya. wace sabuwa ce zata maka haka?

Malam Na Lissafi:
Sarki a yi dai a hankali. Ba motar ce ta tashi ba, naira ce ta faɗi. Farkon 2023 dala a Wapa tana wajen naira 750, cikin 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayi mota miliyan 8 ya sayar miliyan 12 yana murna ya ci riba, to ya koma ya sayi irinta mu gani, ba zai samu ba sai ya ƙara. Kuma a wannan lokacin har masu sababbin ma sun sayar sama da yadda suka saya, domin buhun siminti da firji da babur duk haka suka yi. Kar a ɗora wa Alhaji lissafi a kan abin da ya faru sau ɗaya.

Amma maganarka ta saurin fita gaskiya ce, wannan ban ja ba.

Sarkin Dillalai:
Malam ku yan boko komai sai kun kawo dala. nidai nasan wadda take fita da wadda take kwana

Anti Bilki:
Ni fa tambayata daban ce. Baban Walid ka ce yara biyar, ga kai ga Maman Walid, mutum bakwai kenan. RAV4 kujera biyar ce da ita, daidai da Corollar da kake gudu. A but za ka zuba sauran? In dan iyali ne me ya hana ka duba Sienna ko Highlander mai layi uku?

Baban Walid:
Anti kin kama ni 😂 Manyan biyu suna makarantar kwana, sai hutu. Kuma Sienna ƙasanta bai fi na Corolla tsayi da wani abin kirki ba ga ta doguwa, layinmu zai cinye ta. Highlander kuwa ina tsoron mai.

Injiniya Sharaɗa:
Wa alaikumus salam. Na jira a gama barkwanci tukuna. Alhaji ni gyaran mota nake, ɓangaren sikana da wuta, kuma duka biyun suna zuwa hannuna. In ka yanke Beljiyam za ka saya to ka karanta wannan a nutse, domin abin da ya samu Hajiya Maman Hanan ba ƙaddara ce kawai ba, rashin dubawa ne.

Mafi yawan abin da muke kira Beljiyam yanzu ba daga Beljiyam suke ba, daga Amurka da Kanada suke, kuma da yawansu daga gwanjon inshora ake ɗebo su, irin su Copart. Wato mota ta yi hatsari ko ambaliya ta shanye ta, kamfanin inshora ya ga gyaranta ya fi ƙarfin kuɗinta a can, ya biya mai ita ya kai ta gwanjo. Mutanenmu su saya da arha, a loda a jirgin ruwa, ta sauka Tinkan ko Kwatano, mai gyaran jiki ya buga, mai fenti ya fesa, a wanke inji ya yi ta ƙyalli a kafa ta a fili. Ba duka ce matsala ba, wadda aka ɗan daka a bamba ko ƙofa lafiyarta ƙalau kuma ita ce ma mai sauƙin kuɗi. Wadda za ka guda kamar annoba ita ce ta ruwa da wadda ƙashin jikinta ya lanƙwashe.

Abu na farko ka ɗauki lambar shasi, VIN, tana nan ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa, harafi da lamba 17 ne. Ka tabbatar ta gilashi da ta ƙofa da ta takarda duk ɗaya ce. Ka buga ta a Google kawai, sau da yawa hoton motar ranar da take filin gwanjo zai fito, ka ga fuskarta ta asali. In kana so ka biya a ciro maka Carfax, wato rahoton tarihin motar, nan za ka ga mil nawa ta yi. Kuma ka lura na Amurka mil suke ƙirgawa ba kilomita ba, in ka ga 100,000 a motar Amurka to kilomita 160,000 kenan. Mayar da mita baya kuwa aikin minti kaɗan ne ga mai kwamfuta, mota mai shekara goma sha biyu a ce maka mil 48,000 ta yi, sitiyari ya sule, fedar birki ta cinye, kujerar direba ta lotsa, ai ka san da sake.

Na biyu, harafi na goma a VIN shi ne shekarar mota. D 2013 ce, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018. Na faɗi wannan ne saboda yanzu an iya kwalliya, a ɗauki ta 2013 a canza mata bamba da fitilu ta koma fuskar 2016 zuwa 2018 a ɗora miliyoyi a kai. Fuska tana ƙarya, harafin nan ba ya yi.

Na uku ka ɗaga kafet ka shinshina, ka zura hannu ƙarƙashin kujera ka duba ƙarfen da take gudu a kai ko ya yi tsatsa, ka jawo bel har ƙarshe ka ga ko akwai shatin ruwa, ka buɗe gidan safaya. Motar da aka cika wa turare ni tsoro take ba ni. Sannan ka murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba, dole duk fitilun dashbod su kama, ta cek inji da ta eyabag da ta ABS ta birki, in ka tada su mutu. In wata ba ta kama ba sam to an kashe ta ne dan ta daina tona asiri.

Na huɗu indomi, wato abin tace hayaƙi da ke cikin tukunyar salansa. A ɗaga motar a duba salansa, in ka ga sabon walda a wajen tukunyar to an fasa an kwashe. Abin nan yana da ƙarafa masu tsada a ciki, shi ya sa ake sace shi tun a hanya, kuma sabonsa ba arha ba.

Zan ci gaba, bari in sallami wani.

Dan Fagge:
Injiniya wannan ai darasi ne, Allah ya biya. nayi saving

Injiniya Sharaɗa:
To maganar inji. RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai inji 2.4 an san wasunsu da shan baƙin mai, Toyota da kanta ta amsa wannan a Amurka. Daga 2009 suka koma 2.5, shi ne wanda ke cikin ta 2013 zuwa 2018, kuma injin nan jaki ne, in kana masa juye a kan lokaci da mai na gaske sai dai kai ka gaji da shi. Akwai V6 mai 3.5 a tsofaffin masu safaya a ƙofar baya, yana da ƙarfi sosai amma ba naka ba ne tunda mai kake tsoro. Ita ta 2013 giyarta otomatik ce ta gargajiya mai hawa shida, duk wani mai gyaran giya a Kano ya san cikinta.

CR-V ma mota ce, amma ka san daga 2015 na Amurka da wata irin giya da ake kira CVT suke zuwa, daga 2017 kuma yawancinsu ƙaramin inji ne 1.5 mai tabo (turbo). CVT ba ta son a zuba mata man giya na gama-gari, nata daban ne, kuma nan ne mutanenmu suke kashe ta, yaro ya ɗauko jan mai ya ɗura shikenan. Wannan gargaɗin ya shafi sababbin Chinan ma, da yawansu 1.5 tabo ne da giya irin ta zamani, suna son mai mai kyau da baƙin mai daidai lambarsa. Mai shan man galan a bakin titi kar ya je kusa.

Wani abu kuma, ba dole sai mai jan ƙafa huɗu ba. Abin da kake buƙata a Danbare tsayi ne, ba hawan dutse za ka yi ba. Mai jan gaba kaɗai ta fi sauƙin kuɗi, ta fi sauƙin mai, kuma kayan lalacewa sun ragu.

Baban Walid:
Injiniya Allah ya saka da alheri, ya ji ƙan mahaifa. To in kai ne da kuɗin nan wacce za ka ɗauka?

Injiniya Sharaɗa:
Ni Beljiyam zan ɗauka amma ba ta miliyan 24 ba. Zan nemi wadda ba ta wuce 21 ba in riƙe sauran. Domin duk wadda ka saya sai ka canza taya huɗu, tayoyin da suke zuwa da su ka duba lamba huɗun nan na gefe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, za ka tarar wasu sun shekara takwas kuma na ƙasar sanyi ne, titin Wudil da rana tsaka ba ya musu da daɗi. Ga batir, ga juye na inji da na giya, ga gas ɗin esi, wataƙila shoka, ga lamba da takardu. Wanda ya zuba kuɗinsa kaf a ciniki shi ne za ka ga mota a ƙofar gida an lulluɓe da tamfol.

Abu Sumayya:
Jama'a ana ta maganar inji an bar babban abu. Ya ce zai cika ta banki. Alhaji ka ji tsoron Allah kar ka ɗauki bashi da ruwa saboda ƙarfe, riba ba ta da albarka, gara ka hau Corollarka har ta zube.

Malam Na Lissafi:
Ustaz ai ba duk banki ne ruwa ba. Jaiz tun 2012 suke aiki kuma Kano tana cikin rassansu na farko, ga TAJ ma. Murabaha suke yi, su sayi motar ta zama tasu, su sayar maka da ribar da aka ayyana tun farko, ka riƙa biya wata-wata, kuɗin ba ya ƙaruwa.

Abu Sumayya:
In dai sun mallake ta kafin su sayar masa to babu laifi, wannan ciniki ne. Amma ya karanta takarda da kyau ya kai wa malami ya duba masa, kar ya sa hannu a kan abin da bai fahimta ba.

Malam Na Lissafi:
Wannan haka yake. Sai dai halal ɗin ma ba kyauta ba ce Alhaji, ka yi lissafi. Mu ƙaddara sabuwar miliyan 35 ce, kana da 24, saura 11, ka ɗora ribar banki a kai ka raba wata 24 ko 36 ka ga abin da zai riƙa fita daga shago duk wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Sannan motar da ake bin ta bashi ba za a bar ka da inshorar naira 15,000 da muke yi ba, cikakkiya za a ce ka yi ko takaful, kuma tun 2023 ƙa'idarta ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin mota, a miliyan 35 kusan miliyan ɗaya da dubu 750 kenan a shekara. Sannan garantin da ƙaninka yake yabo yana da sharaɗi, sabis a wajensu za ka riƙa yi a kan lokaci, ka kai wa bakanikenka na ƙarƙashin bishiya ya taɓa, garanti ya tashi. Shi yana Abuja, wajen sabis yana bayan gidansa. Kai ka fara tambaya suna da wajen gyara a Kano ko sai ka bi hanyar Kaduna duk bayan 'yan watanni.

Maman Hanan:
Nawa a nan Kano nake yi gaskiya, amma kafin in saya sai da na je na ga wajen da idona. Kuma ni ba bashi na ci ba, fili na sayar. Da bashi ne da ban yi ba.

Baba Mai Ritaya:
Yara kuna ba ni dariya da tausayi. Mu lokacin da muka kama aiki, ƙaramin ma'aikaci ana ba shi bashin mota ya je ya ɗauko sabuwa. A lokacin Fijo 504 a Kaduna ake haɗa ta tun 1975, Bitil a Legas, nan Kano ma akwai kamfanin haɗa manyan motocin Fiat a hanyar Zariya, Bauchi suna da Steyr. Ba mu san wani abu Beljiyam ba, wanda ya sayi ta hannu ma ɓoyewa yake. Yau ga magidanci da miliyan 24 a hannu yana neman motar da wani Bature ya yar shekara goma da suka wuce. Kuma abin da kuke faɗa a kan na China haka aka faɗa a kan na Japan da suka fara shigowa, ana cewa gwangwani ne ba za su jure hanyarmu ba, kowa Fijo. Yau ina Fijo ina Toyota a titin Kano?

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Baba gaskiya ka faɗa, babura ma haka aka yi, Jincheng ta zo ana dariya ta kori kowa. In suka yi yawa mu da kanmu za mu cika rumfa da kayansu. Amma a bar masu kuɗi da ma'aikatun gwamnati su fara share hanya, ba mai yara biyar ba.

Dan Fagge:
to wai ina Innoson? kuna ta China China ga tamu ta gida a Nnewi

Sarkin Dillalai:
kai Dan Fagge dazu kace RAV4 arufe magana yanzu kuma ka koma kishin kasa

Lauyan Zaure:
Abu ɗaya ba a taɓo ba, duti. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, amma kowa ya san har yanzu akwai masu biyowa ta daji da dare. Irin waɗannan su ne za ka ji kuɗinsu ya yi ƙasa da na kasuwa da miliyan biyu uku, a ba ka takardar duti ta bogi ko a ce wai a hanya take. Ka hau shekara guda lafiya, ran da ka nufi Abuja ko Legas a tare ka a duba a ga ba a biya ba, mota ta tafi, kai da dillali kuma sai a kotu in ka gan shi. Kafin ka biya ko sisi ka ɗauki takardun ka je ofishin kwastan a tantance maka lambar, ka ga VIN ɗin da ke takarda shi ne na jikin mota. A rubuta yarjejeniya da shaidu, kuɗi kuma ta banki zuwa asusun mai motar, ba na yaronsa ba.

Sarkin Dillalai:
Barista ba duka aka taru aka zama daya ba. ni duk motar dake filina kazo da wanda kakeso ya duba

Lauyan Zaure:
Ban kira sunan kowa ba Sarki 😄

Abban Mimi:
Ni fa har yanzu ban ga abin da Corolla ta yi ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 mutane sauka suke daga jif suna komawa ƙananan motoci, kai kuma za ka hau. Tankin RAV4 lita 60 ne, ko a naira 900 lita ka sha dubu 54 kenan cikawa ɗaya, ga Sumaila sau biyu a wata ga kai yara makaranta. Ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku zuba tifa goma ta ɓaraguzai a layin mana, ya fi arha.

Baban Walid:
Mun zuba Abban Mimi, ruwa ya kwashe ya kai wa na ƙasa da mu, yanzu su suke mana godiya.

Anti Bilki:
Akwai hanya ta uku fa, ta hannu ta gida. Ba wadda ta zaga hannu biyar ba, a'a, irin wadda ka san mai ita, ka san bakanikenta, misali likita ko malamin jami'a da zai canza mota. Tawa haka na same ta wajen wata abokiyar aikina da za ta bi mijinta waje, da lambarta da komai, kuma ta fi Beljiyam sauƙi nesa ba kusa ba.

Injiniya Sharaɗa:
Anti in an dace ta fi kowacce. Matsalar ita ce mutumin Kano ba ya sakin mota mai lafiya sai dole, yawanci sai ta fara masa tari. In za a sayar maka ka ce a bar ta ta kwana, kai za ka fara tada ta da sassafe inji da sanyi, nan hayaƙi da ƙara suke fitowa. Kuma ka duba ko an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, aikin mutanenmu kenan.

Baban Walid:
Salam jama'a, kwana biyar kenan, na ce bari in kawo rahoto. Na fara zuwa na ga sababbin, na shiga guda an zaga da ni, wlh Maman Hanan ba ki yi ƙarya ba, ƙamshin nan kaɗai ya isa ya sa mutum ya ci bashi. Amma da aka buga min abin da zan riƙa biya duk wata sai na tuna watan azumi da kuɗin makaranta da yadda kasuwar Kwari take yin shiru bayan Sallah, na ce a'a. Ƙanina har yanzu fushi yake.

Jiya muka fita da Injiniya muka duba Beljiyam guda huɗu a wurare uku. Ta farko an ce 2017 ce, muka ƙirga harafi na goma muka tarar D, mai ita ya ce wai ai an yi mata ƙarin daraja ne. Ta biyu muka buga VIN sai ga hotonta a Amurka gabanta a murƙushe har gilashi, eyabag duka a waje, yaron wajen ya leƙo wayar ya ce ba ita ba ce, ga lamba iri ɗaya. Ta uku lafiya amma babu indomi. Ta huɗu 2014 ce fara, mai jan gaba, Kanada aka haɗa ta, an taɓa ta a ƙofar baya ta dama kuma hoton ya nuna iya nan ne, sikana ba ta nuna komai ba sai sensar taya. Sun ce 22 da rabi na taya 20 da rabi, an tsaya a nan. Gobe in sha Allah Barista zai raka ni a tantance duti, in ta fita zan ƙara musu wani abu.

Maman Hanan:
Allah ya sanya alheri ya tsare hanya. Amma ranar da ta fara kiran mai riwaya ina nan ina jira 😂

Injiniya Sharaɗa:
Kar ka wuce 21 da rabi Alhaji, tayoyinta na 2018 ne duka huɗun.

Sarkin Dillalai:
wato kun zaga Kano baku biyo ta filina ba. to naji. Corollar nawa zaka saki?

Abban Mimi:
Sarki dakata, ni na fara yabonta. Baban Walid duba inbos.

Baban Walid:
Ku yi haƙuri dukkanku, Maman Walid ta riga ta karɓe makullin tun shekaranjiya, wai ita za ta riƙa kai yara. Yanzu miliyan 24 ɗin ma ba ta cika ba, wanda yake da bashina a zauren nan ya taimaka ya fito.